Yadda za a sa na'ura ta yi kiɗan kaset ɗin Rasha na 1988

Baba Injiniya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce da ni ga yaranmu masu aikin sitidiyo. Jikana ya sa mini wata manhaja ta ƙirƙirarriyar basira a waya, irin wadda za ka rubuta mata bayanin waƙar da kake so, ta haɗa maka kiɗa da murya. Abin da nake nema shi ne kiɗan da ake ji a ɗakunan kwanan ɗalibai a birnin Harkof na Yukren ƙarshen shekarun 1980, lokacin ina karatu a can, tun Tarayyar Sobiyet ba ta wargaje ba. Na rubuta mata ina son tsohuwar waƙar Rasha, sai ta kawo mini akodiyon da balalaika, garayar Rashawa, da wasu ƙarti suna ta rerawa a tare. Da na ce ta zamani nake so, ta ba ni wani kiɗa mai sheƙi wanda ba shi da maraba da abin da yara ke ji yau. To me zan rubuta mata?

Ɗan Fagge: Ashe Baba ka taka rawar disko a zamaninka. Allah Ya sa Hajiya ba ta cikin wannan zaure.

Baba Injiniya: Kai yaro, ka kiyaye ni. Sauraro kawai muke yi.

Abba Mai Sitidiyo: Wa alaikumus salam Baba. Na'urar ba ta san abin da ke ranka ba. Abin da ta sani shi ne irin waƙoƙin da aka fi liƙa wa sunan Rasha a intanet, su ne kuwa na gargajiya da na mawaƙan soja. Sha'aninta irin na tela ne: in ka ce masa ya ɗinka maka riga irin ta da, abin da ya ga dama zai ɗinko, sai ka faɗa masa yadi da wuya da faɗin hannu. Ita ma sai ka faɗa mata shekara, da kayan kiɗan, da saurin bugun, da irin muryar. Waɗanne ƙungiyoyi kuke ji a lokacin?

Baba Injiniya: Laskovi Mai da Miraj, su ne suka cika ko'ina. Na ma rubuta sunayensu, ba ta karɓa ba.

Abba Mai Sitidiyo: Ba za ta karɓa ba Baba. Manyan manhajojin nan ba sa ɗaukar sunan mawaƙi kai tsaye, wata ta ƙi, wata ta sauya shi da bayanin salo. Tun a watan Yunin 2024 kamfanonin faifai na Universal da Sony da Warner suka kai Suno da Udio, masu irin waɗannan manhajoji, kotu a Amurka, suna zarginsu da koyar da na'urorinsu da waƙoƙin mutane ba da izini ba. Wanda ke da irin wannan shari'a a wuya ba zai so a ce ana kiran sunan mawaƙi yana fitowa da shi ba. Ni a ganina ma gara haka, domin zai tilasta mana mu zauna mu gano me ya sa kiɗan ya zama kiɗan.

Mushe Damagaram: Salamu alaikum. Injiniya, kun tuna mini da nisa. Ni a Baronej na yi shekarar koyon harshe kafin a tura ni Rostof, kuma a zamanin nan ɗaya ne. Abba, bari in ba ka tarihin abin, don ina ga a cikinsa amsar take. Laskovi Mai ba a babban sitidiyo aka haife ta ba. A makarantar kwana ta marayu aka kafa ta, a garin Orenburg, cikin Disambar 1986. Wani saurayi mai suna Sergei Kuznetsov shi ke kula da sashen kiɗa na lakwal ɗin, shi ya rubuta waƙoƙin, ya sami yaro ɗan shekara 13, Yuri Shatunov, ya sa shi rerawa. Kaset ɗinsu na farko farkon 1988 aka naɗe shi, kuma bai bi ta Melodiya ba, kamfanin faifai na gwamnati da aka kafa a 1964, wanda sai kwamiti ya amince da waƙa kafin ta fita. Ta 'yan rumfunan kwafar kaset ya bi, daga tashar jirgin ƙasa zuwa wata tasha, daga hannu zuwa hannu. Kafin ya iso ɗakinmu, Allah kaɗai Ya san kwafi na nawa ne. Saboda haka abin da kunnenmu ya riƙe ba sautin sitidiyo ba ne. Fiyano ne mai araha, da yaron da bai taɓa koyon waƙa ba, da kaset da ya gaji.

Baba Injiniya: Wallahi haka ne Mushe. Ga shi ma manyan masana kiɗa na lokacin raina su suke yi a jarida, suna cewa waƙar yara ce mai sauti uku. Amma ka leƙa taga ka ga 'yan mata da samari rungume da rikoda suna tafe cikin ƙanƙara.

Abba Mai Sitidiyo: To yanzu muka zo wurin. Ga yadda zan tsara umarnin, kuma da Turanci za a rubuta shi a gurbin salo don da shi suka fi ganewa, baitocin ne kawai za a sa da Rashanci. Da farko shekara da salo: "1988 Soviet synth-pop", a haɗa da "Italo disco", wato disko ɗin Italiya, domin daga can jinin kiɗan ya fito. Sai kayan aiki: a ce injin ganga ne ba makaɗi ba, bugu huɗu a jere ba ado, bes, wato sauti mai kauri, na fiyano mai tsalle tsakanin sauti na ƙasa da na sama, da siririn sautin fiyano mai kama da ƙararrawa wanda ke buɗe waƙar ya kuma dawo tsakanin baiti da baiti. Wannan karin na buɗewa shi ne rabin waƙar, in babu shi an yi aikin banza. Sauri kamar bugu 115 zuwa 125 a minti. Sai a rubuta "A minor", wato tsarin sautin da ke karkata ga kewa, duk da cewa gangar ta rawa ce. Murya kuma a ce ta saurayi ce ɗan ƙarami, marar horo, mai ɗan fita ta hanci, da eko mai yawa. In manhajar tana da gurbin abin da ba a so, a zuba balalaika da akodiyon da jita mai ƙara da gyaran murya na kwamfuta a ciki.

'Yar Zariya: Yaya Abba, me ya kawo Italiya cikin maganar Rasha?

Mushe Damagaram: 'Yata, ai Italiyawa sun mallaki kunnen Sobiyet a shekarun nan. Talabijin ɗin gwamnati yana nuna bikin waƙa na San Remo, kowa ya san Toto Cutugno da Adriano Celentano da Ricchi e Poveri. Bayansu sai Modern Talking na Jamus ta Yamma suka zo suka share fage. Yaran Orenburg da na Mosko abin da suka ji ke nan, suka yi ƙoƙarin kwaikwayo da ɗan abin da ke hannunsu, sai kewar waƙoƙinsu na gida ta shiga ciki ba da saninsu ba. Abba, ni da zan ƙara da sunan Polivoks, fiyanon da ake ƙerawa a Kachkanar cikin tsaunukan Ural daga 1982. Ai shi ne na ƙasar.

Abba Mai Sitidiyo: Mushe, da girmamawa, a nan ban yarda ba. Polivoks sautinsa kaushi gare shi, mai gurnani, shi ya sa masu kiɗa mai nauyi suke nemansa yau. Masu disko na lokacin abin da suke mafarki shi ne kayan Japan, Yamaha da Roland da Korg. Yamaha DX7 da ta fito a 1983 ita ce uwar wannan sautin ƙararrawar. In ka rubuta Polivoks, ko dai na'urar ta yi biris da shi, ko ta ba Baba wani abu mai tsoratarwa.

Baba Injiniya: Yaron nan ya yi gaskiya Mushe. Ka manta mu ɗaliban waje mu ke da izinin fita hutu? Wanda ya bi ta Balin ta Yamma zai dawo da wandon jins da kaset ɗin Japan, mai ƙarfin hali ya ɗauko ƙaramin fiyano. Kafin ya kwance jaka masu saye sun cika ƙofa.

Dakta Maman Hanan: Ina ta karatu ina murmushi. Baba da Mushe, ku yi haƙuri, amma abin da kuke kira tsohon kiɗan Rasha ni ban same shi ba sai a wurin bikin tuna baya. Na yi karatun likita a can cikin shekarun 2000, kuma abin da ke tayar mini da kewa daban ne: Ruki Vverh da suka taso ƙarshen shekarun 1990 da ganga mai gudu, da yaran gasar Fabrika Zvyozd da aka fara a talabijin a 2002. Wanda ya je a shekarun 1970 kuma zai ce muku waƙar Rasha ita ce Alla Pugachova da cikakkiyar tawagar makaɗa da goge da ƙaho. Don haka duk wanda zai gwada, ya fara yanke shawarar wane zamani yake nufi. Sannan ga tarko ɗaya: in ka haɗa muryar namiji da kewa da Rashanci ba ka faɗi shekarun mawaƙin ba, sai ta jefa ka cikin shanson, waƙoƙin nan masu dasasshiyar murya da zancen kurkuku da direbobin ƙananan bas suke sa mana tun asuba. Na sha su har na ƙoshi, ba na neman ƙari.

Ɗan Fagge: Anti Dakta, wato su ma suna da direbobin da ba a isa a ce su rage rediyo ba.

Dakta Maman Hanan: Gwada ka gani, a tsakiyar ƙanƙara zai sauke ka.

Baba Injiniya: Abba, jikan nawa ya shigar da abin da ka rubuta. Alhamdu lillahi an kusa. Gangar ta yi, fiyanon ya yi, har na ji tsikar jikina ta tashi da ya buɗe. Amma abu biyu. Na farko ya yi tsabta da yawa, kowane sauti yana zaune a wurinsa. Na biyu kuma yaron da ke rerawa ba Barashe ba ne. Kalmomin daidai suke, amma yana faɗinsu yadda muke faɗi a watanmu na farko.

Dakta Maman Hanan: Wannan matsalar nauyin gaɓa ce Baba. Kun san a Rashanci kowace kalma tana da gaɓa ɗaya da ake dannawa, kuma ba a nuna ta a rubutu. Kalmar zamok in ka danna farko fada ce mai ganuwa, in ka danna ƙarshe kwaɗo ne na ƙofa. Na'urar tana bin karin kiɗan ne, duk gaɓar da ta faɗo kan bugu sai ta danne ta. Abin da masu yi da Rashanci suke yi shi ne su rubuta wasalin da ake dannawa da babban baƙi a tsakiyar kalma, ko su ɗora masa alama a ka. Harafin "yo" mai ɗigo biyu kuma dole a sa masa ɗigonsa, duk da su kansu Rashawa ba sa damuwa da shi a rubutun yau da kullum. Kalmar da ta ƙi jin magana sai a rubuta ta yadda ake furta ta. Kuma da baƙaƙensu za a rubuta, kada a yi da boko.

'Yar Zariya: Anti, wannan ai ciwonmu ne. Na sa wata ta rera mini baiti da Hausa, ta mai da kukan yaro kukar miya. Mu ma ba ma rubuta karin sauti da tsawon wasali, mai karatu ne ke cikewa da kansa. Bambancin kawai su suna da tarin waƙoƙi a intanet da na'urar ta koya daga gare su, shi ya sa tasu ke gyaruwa da ɗan taimako. Tamu kuwa ko ka taimaka sai a hankali.

Abba Mai Sitidiyo: Sai a ƙara da wannan Baba: baitocin su zama gajeru, kuma adadin gaɓoɓin layi na ɗaya ya yi daidai da na uku, na biyu da na huɗu. In ma'aunin ya zauna, na'urar ba ta da dalilin karya kalma. A raba baiti da amshi da alama a fili, a kuma nemi kiɗa zalla a tsakani. Zancen tsabta kuwa, ni ba na neman dattin kaset daga na'ura. In ka rubuta mata "lo-fi" sau da yawa sai ta rage gudu ta kai ka wani salo na zamani dabam, ko ta sa ƙarar faifan garmaho, wanda ba shi ba ne. Ka bar ta ta ba ka mai tsabtar, mu lalata shi da hannunmu. A sitidiyo sai in yanke duk sautin da ya haura kilohaz 10 ko 12, in matse faɗin sitiriyo, in sa shuuu na kaset a ƙasa, in ɗan sa gudun ya riƙa rawa kaɗan kamar batir ya fara sanyi. Wanda ya fi duka shi ne a sami rikoda ta gaske a naɗe a kaset, a kwafe wannan kaset ɗin zuwa wani, sannan a mai da shi kwamfuta. Har yanzu akwai masu gyaran rediyo da ke da su a ajiye.

Mushe Damagaram: Ikon Allah. Su Kuznetsov da sun sami sitidiyo mai kyau da gudu za su shiga, mu kuma yau muna biyan kuɗi a ɓata mana sauti.

Malam Na Bakin Kasuwa: Ni ban san Rasha ba, kuma ba zan shiga zancen hukuncin kiɗa ba don an sha yin sa a nan. Amma akwai abin da ke damuna. Wannan yaron Shatunov na ji ya rasu a 2022. Yanzu ku zauna ku sa na'ura ta yi murya irin tasa, ta faɗi abin da bai faɗa ba. In da ɗanku ne fa? Haƙƙi haƙƙi ne ko na wane ne.

Ɗan Fagge: Malam, ai su suka fara. Na karanta cewa da Andrei Razin ya karɓi ragamar ƙungiyar, tawaga da yawa ya haɗa da suna ɗaya, suna wasa a garuruwa daban-daban a dare guda, ana sa kaset yara suna motsa baki. Miraj ma haka: Margarita Suhankina, ɗalibar makarantar kiɗa mai burin opera, ita ta rera da yawa daga waƙoƙin a sitidiyo ba ta so sunanta ya fito, wasu 'yan mata su hau dandamali da muryarta. Wanda ya ci kasuwa da jabu, don an yi jabunsa ai ba a zalunce shi ba.

Baba Injiniya: Labarin da ka kawo gaskiya ne, mun gani da idonmu, har suna da sunan da suke kiran irin wannan wasa, fanera. Amma hujjarka ba ta tsaya ba ɗana. Masu shirya wasa ne suka yi wannan, ba yaron ba. Shi maraya ne ɗan makaranta, wasu ne ke juya shi da muryarsa. In an ci haƙƙinsa yana raye, wannan bai ba ni lasisin in ƙara bayan ransa ba. Malam, ina tare da kai a kan murya. Ba muryarsa nake nema ba, kuma ba zan ɗora waƙarsa a manhaja in ce ta kwaikwaya ba. Salon nake nema, shi kuwa salo ba na mutum ɗaya ba ne, ƙungiyoyi barkatai sun yi shi a shekarun nan, su ma daga Italiyawa suka ɗauko.

Malam Na Bakin Kasuwa: To ita na'urar a ina ta koyi salon, in ba daga waƙoƙinsu ba? Ta biya su?

Abba Mai Sitidiyo: Malam ka taɓo inda yake mana ciwo. Wannan tambayar ce ta kai su kotu, kuma ni da nake cin abinci da fiyano ba zan ce hankalina a kwance yake ba. Mai tallan da a da zai zo in yi masa kiɗan talla, yanzu a wayarsa yake yi. Abin da zan iya cewa shi ne akwai tazara tsakanin dattijo da ke son ya ji abu a ɗakinsa da wanda zai zuba waƙoƙi ɗari a intanet da sunan wani yana karɓar kuɗi.

Malam Na Bakin Kasuwa: Tazarar ina ganinta. Ban dai gamsu duka ba.

'Yar Zariya: Ni abin da ya ba ni mamaki, da Baba ya turo mini abin da ta yi, sai na ji kamar na san shi. Akwai wani abu na waƙoƙin fim ɗinmu na farkon shekarun 2000 a ciki.

Abba Mai Sitidiyo: Kunnenki bai yi ƙarya ba ƙanwata. Nanaye da fiyanon Yamaha PSR aka gina ta a sitidiyoyin Kano, mutum ɗaya da fiyano ɗaya shi ne ganga shi ne sarewa shi ne goge. Duk inda aka ba matashi fiyano guda da ƙaramin ɗaki, sautin zai yi dangi, ko a Orenburg ko a Kano. Inda muka rabu shi ne mu karinmu daga fim ɗin Indiya ya fi gangarowa, su kuma daga disko ɗin Turai.

Mushe Damagaram: Ko a Indiyan ma ba mu rabu sosai ba. Raj Kapoor da Mithun Chakraborty sun fi wasu shugabanni suna a Sobiyet. Ranar da na fara shiga silima a Rostof na ga tsofaffin mata suna share hawaye a fim ɗin Indiya, sai na ji kamar ban bar gida ba.

Dakta Maman Hanan: Baba, ku turo mini baitocin in sa muku alamar nauyi, don na ga Rashancinku na rubutu ya ɗan yi tsatsa, kun sa wa jirgin ƙasa ƙarshen mace. Kuma layi na uku ya fi sauran tsawo da gaɓa biyu, shi ya sa yaron ke haɗiye ƙarshensa.

Baba Injiniya: Shekara nawa rabona da shi 'yata. Zan turo bayan la'asar. Abba, in ta gyara zan aiko maka ka bi da shi ta kaset, amma kwafi biyu nake so, ɗaya mai tsabtar ɗaya mai dattin, Mushe ya saurara ya yi mana alƙalanci.

Mushe Damagaram: Na karɓa. Amma a gaya wa na'urar ta ɗaga sautin amshi na ƙarshe sama kaɗan, yawancin waƙoƙin lokacin haka suke rufewa.

Abba Mai Sitidiyo: Wannan ba kullum take jin magana a kansa ba Mushe, in ta ƙi zan ɗaga shi da hannu. Anti Dakta, naki kuma in kina so, shekarar za a mayar 1998, a kai gudun bugu 135 zuwa 140, a cire eko ɗin nan mai yawa, a sa muryar mace a amshi.

Dakta Maman Hanan: Sai na sauko daga aikin dare. Kuma ka tabbata ka rubuta shanson a gurbin abin da ba a so.